Butar Shayin Da Na Miƙa Mata a Mina

Ka'akiyya ce ta fara karɓata a ƙasar nan. Unguwa ce a gefen Makka inda haya ke da sauƙi, baƙaƙen duwatsu sun yi mata ƙawanya, idan rana ta take sai ka ga kamar suna rawa a cikin iska. A can na sauka wurin Inna Tabawa, dattijuwar da iyayenta suka biyo da ita ta Sudan tana goye, ta tsufa tana sayar da turaren wuta da yaji a ƙofar gida. Ni kuwa malamar firamare ce a Funtuwa, Turanci nake koyarwa. Mutumin da ya shirya mini takardu ya rantse da Allah cewa makaranta zan je, 'ya'yan manya zan riƙa koya wa karatu. Ina sauka lambarsa ta daina shiga. Makarantar kuwa har yau ban ga ko ƙofarta ba.

Kwana uku ina kuka a ɗakin Inna Tabawa. A na huɗu ta dire mini kwanon shinkafa a gaba.

"Halas, ya binti, ya isa haka. Duk wadda kika gani a layin nan tana wanke-wanke, malama ce a garinsu. Ci abinci, gobe mu nemo miki shugul."

Shugul ɗin da aka samo mini a Shisha yake, aikin gida a bene hawa na biyar. Shekara biyu na yi. Ba zan yi wa matar gidan ƙarya ba, ba muguwa ba ce. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, da kanta ta dafa mini shayi. Sai dai a kofina ta zuba, wani jan kofin roba da aka ware mini, wanda ba ya haɗuwa da sauran ko a wurin wanki. 'Ya'yanta sun san sunana Hassu, amma "ya Takruniyya" ta fi musu daɗin faɗa, sunan da ake kiran duk baƙar fatar da ta fito daga wajenmu. Tun abin yana sukata har na daina ji, kuma daina jin nan ya fi ba ni tsoro.

Abin da ya riƙe ni a gidan taga ce. Daga ɗakin girki, idan na yi ɗage, ina hango gefen Mina, fararen tantuna jere a cikin kwari har iya ganina, babu kowa a ciki sai lokacin aikin Hajji. Gari guda a gine, yana barci da rana tsaka. Nakan tsaya da soso a hannu in cika shi da mutanen garinmu. In ajiye mahaifiyata a wannan tantin, ƙannena a wancan, in saukar musu da ruwan sama irin na tsakiyar damina, har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina. Ba na farga sai tukunya ta cika ruwa ya fara zuba a ƙafata.

A shekara ta uku Inna Tabawa ta haɗa ni da Abla Samira, shugabar ma'aikata mata a wani sansanin alhazai a Mina. Haifaffiyar Makka ce, jikar Kanawa, Hausarta rabi Larabci. Da ta ji ina Turanci sai ta tura ni ɓangaren alhazan da ke zuwa daga Ingila. Ta ba ni falmaran mai ruwan ɗorawa, irin ta ma'aikata, ta ce duk wadda ta gani babu ita a jiki, ko ta bar wurin aikinta, to ta kama hanyar gida.

Ranar takwas ga wata alhazai suka iso, garin da na saba gani yana barci ya farka gaba ɗaya. Matan ɓangarenmu akasari 'yan asalin Pakistan ne da Bangaladash, sai 'yan tsirarun Larabawa, sai wasu Turawa biyu da suka musulunta. Waɗannan biyun kuwa lallaɓa su ake yi kamar ƙwai. Wannan ta gyara musu katifa, waccan ta ɗauki hoto da su, kowa na so a san tare suka zo.

Akwai abin da maza ba sa lura da shi. Namiji idan ya ɗaura harami, ko daga nesa an san alhaji ne. Mace ba ta da wannan, kayanta na kullum su ne haraminta. Mu ma'aikata baƙar abaya muke sawa, alhazai mata da yawa ma ita suke sawa. To da me ake rarrabewa? Da ido. Nawa idon kuwa zaman Shisha ya riga ya gama koya masa karatu.

An ce mana wata sabuwar ma'aikaciya 'yar Cadi za ta zo a ranar. Wajen la'asar ina durƙushe a bayan tantuna ina cika butoci, sai ga wata dattijuwa baƙa, doguwa, cikin baƙar abaya, ta tsaya a kaina da kofi a hannu. Ko ɗaga kai sosai ban yi ba.

"Sai yanzu, Iya? Tun safe ake nemanki. Ungo."

Na miƙa mata butar shayi, na ɗauko falmaran na zura mata don kada Abla Samira ta gan ta haka, na nuna mata tanti na uku. Ta dubi butar, ta dube ni, ta yi wani ɗan murmushi, ta juya ta tafi. Na ce a raina cikin 'yan Cadin nan ne da ba sa jin Hausa. Daga baya na gwada mata Larabci, "shukran" kawai ta ce. Turancin da aka ɗauke ni aiki saboda shi kuwa, ko sau ɗaya bai zo mini in gwada mata ba.

Aiki kam ta iya. Har magariba tana zagayawa da buta, matan suna miƙo mata kofuna suna ci gaba da hirarsu, wasu har da ɗan kaɗa mata kai kamar sun saba. Da aka raba mana abinci na ja ta gefe muka ci a faranti ɗaya, na tura mata cinyar kazar gabanta saboda girmanta. Washegari bayan sallar asuba, ana ta hayaniyar shiga motocin Arfa, na aike ta can ƙarshen sansani ta tattaro barguna.

Da hantsi Mina ta koma yadda na san ta ta taga. Motoci sun kwashe kowa. Labulen tantuna na kaɗawa su kaɗai, na'urorin sanyi suna ta gunaguni a ɗakunan da babu mutum, wani gyale fari yana bin iska a tsakiyar layi kamar mai neman gidansu. Ina tafe cikin wannan shirun sai na hango ta a bakin ƙofar sansani, zaune kan kujerar roba, 'yar jakarta a cinya. Na zo zan yi mata faɗan zama. Sai ta ɗago ta yi mini magana da Turanci, irin wanda nake ji a rediyo.

"'Yata, tamu motar yaushe za ta zo?"

Na ce wace mota? Ta sa hannu ƙarƙashin falmaran ɗin da na zura mata, ta zaro katin alhazai da ke rataye a wuyanta. Ga hotonta, ga sunanta Maryam, ga lambar tanti na uku.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ashe jiya ruwan zafi kawai ta zo nema. Falmaran ɗin ma ba ta ga wani abu a ciki ba, don a masallacinsu na Ingila masu taimako ranar Idi irinta suke sawa. Da ta dawo daga kwasar barguna ta nufi mota, mai gadin ƙofa ya ga ruwan ɗorawa a jikinta ya tare ta, yana ta "ba'den, ba'den", wato ma'aikata sai daga baya. Ta yi masa bayani, ba ya jin Turanci. Ta nuna masa wuyanta, bai duba ba. Motar ƙarshe ta wuce ta gabanta, matan tawagarsu na zaune a jikin tagogi, ɗaya ma har ta ɗaga mata hannu.

Duk wanda bai tsaya a Arfa ba, ba shi da Hajji. Malamai suna da bayaninsu a kan wanda ya riski daren, amma ni na san abu ɗaya: rana na faɗuwa duk jama'ar nan za su juyo a kan hanya, babu dattijuwar da za ta iya kutsawa ta cikinsu. Ko mu isa da rana, ko ta koma Ingila yadda ta zo. Kuma ni na jawo mata.

Na ruga wurin Abla Samira. Ta dafe kai.

"Ya Allah, wannan mushkila kabira ce. Min ya sa mata rigar? Ke, ya Hassu?"

"Ni ce, Abla."

Ta kira shugabar tawagar, waya ba ta shiga. Ta ce mu jira motar abinci. Muka jira har azahar, motar ta zo, direban ya ce ba shi da tasrihi, wato izinin ɗaukar mutum, ko uwarsa ce ba zai ɗauka ba. Mama Maryam dai tana zaune, hannunta kawai ke shafa bakin jakar. Abla Samira ta tsaya ta daɗe tana kallonta.

"Jaddi, kakana, da ƙafa ya taho daga Kano saboda wannan yinin," ta ce, kamar da kanta take magana. "A nan aka haife ni, ummi ma a nan. Har yau in na shiga ofis sai an tambaye ni wa nake yi wa aiki."

Ta shiga ɗakin ajiya ta turo keken da ake tura marasa ƙarfi a kai.

"Ni ban gan ki ba. In manya suka zo suka ƙirga babu ke, ba ni da abin cewa, shugul ya tafi. Yalla, imshi."

Hanyar masu ƙafa daga Mina zuwa Arfa, a ranar ban san ko a farke na bi ta ba. Faffaɗa ce, kusan babu kowa a kanta, don masu tafiya tun safe suka wuce. A gefenta akwai dogayen ƙarafa masu fesa ruwa kamar hayaƙi, rana tana ratsa feshin, sai ƙananan bakan gizo su riƙa tashi a gabanmu suna ɓacewa kafin mu isa gare su. Ko'ina silifa ne warwatse, ƙafa ɗaya ɗaya, da karyayyun lemomi, kamar mutanen sun tashi sama ne suka bar su. Can da nisa iska takan kawo ɗan sautin Labbaika, ta sake ɗauke shi. Ƙarfen keken ya yi zafi har yana cin tafin hannuna.

A wani shinge askari ya tsayar da mu. Ya duba katinta, ya dubi falmaran ɗina. Sai ya ɗaga 'yar kwalbarsa ya fesa mana ruwa a fuska, ita da ni, ya matsa gefe.

Sai da muka shiga Muzdalifa na samu bakin ba ta haƙuri. Na ce, "Mama, me ya sa ba ki yi mini magana ba tun jiya?"

"Na ji kina Turanci da su," ta ce. "Shiru na yi in ga ko za ki gwada da ni."

Na ci gaba da turi. Ita ta ɗora da kanta, ba ta juyo ba, maganar tana zuwar mini ta saman kafaɗarta. A Ingila aka haife ta, iyayenta daga wani tsibiri suka je can. Ungozoma ce, rabin matan tanti na uku a hannunta suka haihu. Ta musulunta tana budurwa. Masallacin unguwarsu da gumin su duka aka gina shi, amma wurinta tun farko ɗakin girki ne. Ita ce dafa shayin buɗa-baki, ita ce wanke tukwanen walima, ita ce wankan gawa in an rasa mai yi. Idan Baturiya ta musulunta, ba ta shekara sai an ɗora ta a gaba tana ba da labarinta, mata na share hawaye. Ita ba a taɓa tambayarta nata ba. Ɗanta ya nemi auren wata yarinya a cikin 'yan masallacin, yaron da suka gani a sahu tun yana rarrafe. Uban yarinyar ya ce ba shi da abin cewa a kan addininsa, sai dai dangi a can gida ba za su gane ba. Tun daga ranar ɗan nata bai sake taka masallacin ba.

"A asibiti Turawa sun kira ni sunaye iri-iri, wata ma ta ce kada in taɓa mata jariri. Ban damu ba, na san inda nake. Masallaci kuwa hutawa nake zuwa yi."

Kuka ya zo mini na haɗiye, don ba ni da ruwan da zan ɓarnatar a jiki. Muna cikin haka muka tarar da wani dattijo a gindin gada yana raba ƙanƙara daga buhu. Yana ganin yadda nake riƙe keken ya yi mini Hausa, irin ta mutanen Sudan.

"Sannu 'yar'uwa. Kawo hannun nan."

Ya yage bakin rawaninsa ya jiƙa, ya naɗe mini tafukan da suka yi bororo. Ya ƙulla ƙanƙara a leda ya ɗora wa Mama Maryam a ka.

"Uwarki ce?"

Na ce eh. Da muka wuce ta tambaye ni me ya ce. Na faɗa mata, har da amsar da na ba shi. Ta ce, "To, tura uwarki da sauri."

La'asar ta yi, inuwarmu ta fara tsawo a gabanmu. A nan wayata ta yi ƙara. Abla Samira ce ta ba shugabar tawagar lambata. Murya ce mai daɗi, ta mace mai ladabi. Na ce mata ga Hajiya Maryam tare da ni, an bar ta a Mina. Ta yi salati, na kuma ji tsoro na gaske a muryarta. Sai ta ce, "Wallahi mun ɗauka tana wajen masu abinci." Ta fara kwatanta mini inda tantinsu yake, can ciki, bayan masallaci. Mama Maryam ta ji komai, don na buɗe muryar wayar. Ta miƙo hannu ta kashe.

Ban san iya lokacin da muka ƙara ba. Rana ta yi ja, ta sauko daidai kan duwatsu, ni kuma na daina jin ƙafafuna, keken ne ma kamar yake jana. Sai sautin nan da iska ke kawowa ya daina ɗaukewa. Ya zama wani gunji mai taushi, na jama'ar da ba ta ƙirguwa kowa na magana da Ubangijinsa a hankali. Ga bishiyoyi, ga fararen kaya ko'ina har kan tuddai, ga babban allo mai nuna cewa daga nan Arfa ta fara.

"Tsaya," ta ce.

Ta dafa hannun keken ta miƙe. Ta cire ledar ƙanƙarar daga kanta, ta gyara mayafi, ta taka da ƙafarta har ta wuce allon. Na biyo ta ina cewa bari in nemo tantinsu, akwai sanyi a can, akwai wurin zama. Ta ce ba ta da lokacin neman kowa, nan ma Arfa ce.

Na zaci kuka za ta yi, ko ta ce ta yafe wa duniya, irin yadda ake ba da labarin mutanen kirki. Ba haka ta yi ba. Ta fuskanci alƙibla a bakin titi, kusa da tarin robobin ruwa, ta ɗaga hannu ta fara magana da ƙarfi, a natse, kamar mai bayani a gaban alƙali.

"Ya Ubangiji, na iso. Yafiya za ta zo, Kai za Ka ba ni ita. Amma yau ƙara na kawo."

Ta fara jero su. Sunan mutum, da abin da ya yi, da ranar da ya yi. Ba ta zagi kowa ba, ba ta roƙa wa kowa sharri ba, faɗa kawai take yi. Ta daɗe a kan ɗanta, a nan ne kaɗai muryarta ta karye, ta roƙa a dawo mata da shi sahu. Ina tsaye a bayanta, riƙe da keken da babu kowa a kai, ina jiran in ji nawa sunan. Ta zo kan mai gadin ƙofa, ta zo kan wadda ta ɗaga mata hannu ta taga. Daga nan ta juyo ta dube ni. Rana saura kamu ɗaya ta taɓa dutse.

"Ke ba ki da ƙara ne? Saki keken nan ki ɗaga hannunki."

Na saki. Na ɗaga hannuwana a naɗe cikin tsumman rawani. Ina da mutane cike da baki da zan kai ƙara, na shekara uku ina tara su. Na buɗe baki in fara, sai na ji da ƙarar kaina na fara.